Daɓe Mai Shan Ruwa a Gindin Madaci

Shekara arba'in da ɗaya Abarshi ya yi yana kwaɓa siminti, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun mai hankalin da ya kira shi ya ce, "Zo ka yi mini aikin da zai riƙa yoyo" ba. Sai bana, da furfura ta gama cinye masa kai, wata yarinya ta tsaya a gabansa ta faɗa masa haka, ko kunya babu.

Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ruɗe kamar yadda shi ya ruɗe.

A Samaru, a bakin hanyar ƙafa da ta bi ta gaban cocinsu Abarshi, akwai wani ƙaton madaci. Da su biyu ne. Mahaifin Abarshi, tsoho Toma, shi ya dasa su tun wurin yana ƙofar gidansa, kafin coci ta sayi filin. Toma ya baro ƙauyensu na bayan Shika ya zo aikin lebura, ya karɓi baftisma, ya bar al'adun gidansu da dama, amma akwai guda ɗaya da ya ƙi saki. In an haifa masa ɗa namiji, ran da cibiyar jaririn ta faɗi sai ya haƙa rami ya binne ta, ya dasa itace a kai. Madacin farko na Reuben ne, babban ɗansa. Na biyun na Abarshi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce madacin Reuben ya bushe ƙurmus, kuma a wannan daminar Reuben ya rasu. Kututturen yana nan har yau. In ka tambayi Abarshi ko akwai alaƙa, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Camfi ne, mu mun wuce nan." To, mun ji. Amma duk ran da iska ta karya reshen nasa madacin, sai ka gan shi washegari yana matsa kafaɗa yana cewa bai san me ya same shi ba.

Matsalar ta taso ne da saiwar madacin ta tasar da kankaren hanyar, ya yi tudu da kwari. Wata Lahadi Mama Martina, mahaifiyar Dattijo Felix, ta yi tuntuɓe ta karya wuyan hannu. Shi kuwa Dattijo Felix shi ne shugaban kwamitin kayan coci, mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce a sare itacen. Har ya je Sabon Gari ya yi magana da masu injin yanka katako, su kuma yawunsu ya tsinke, don katakon madaci ba ƙaramin abu ba ne.

Abarshi yana zaune a taron cocin da aka yi kan maganar, amma me zai ce? Ya tashi a gaban Fasto ya ce cibiyarsa na ƙarƙashin itacen? Ai da an yi ta ba da labarinsa har Kirsimeti.

Wadda ta buɗe baki ita ce Chinwe, 'yar ƙungiyar mawaƙa, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. A jami'a take aiki, ɓangaren masu karatun hanyoyi da gini. Ta ce a ba ta mako biyu, za ta yi hanyar da ba za ta yi faɗa da saiwa ba. Kwamiti ya amince da sharaɗi: ran Lahadi ta biyu bayan sujada za ta nuna wa jama'a aikin. In bai gamsar ba, ran Litinin inji zai yi kuka. Da aka zo batun magini kuwa, wa za a kira in ba Abarshi ba?

Ran da za a fara, ya taso daga gidansa na Chikaji tun da sassafe, da cokalin gininsa da igiya da kwanon sarki na ɗibar yashi.

Chinwe ta ce, "Baba, da farko za mu fasa tsohon kankaren nan na gindin madaci gaba ɗaya."

Ya ce, "Madalla, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Da gaske yake, don wannan kankaren shi ne abin kunyar rayuwarsa. Shekara goma sha biyar baya, shi aka ba aikin daɓe hanyar. Ya fara da gindin madacin Reuben, don babba babba ne. Ya zuba siminti ba ƙyashi, ya yi kauri, ya kai shi har jikin itacen ya manne, ya goge shi sumul kamar faranti. Ko da ya iso gindin nasa, siminti ya kusa ƙarewa, sai ya cika da yashi ya lallaɓa. Damina biyu kacal wurin ya tsattsage. Tun daga nan in zai wuce sai ya kau da kai.

Chinwe ta ci gaba, "In mun fasa, sai mu shimfiɗa tsakuwa, mu bi ta da yashi mai kaushi, sannan mu jera bulon intalok, irin mai shiga juna, a kai."

"To. Siminti fa?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Bai iso ba tukuna?"

"Ba za mu sa ba, Baba, ko cokali ɗaya."

Abarshi ya dube ta, ya dubi tulin yashi, ya sake dubanta. "To me zai riƙe bulon?"

"Junansu za su riƙe. Kuma tsakanin kowane bulo da ɗan'uwansa za ka bar rata kamar faɗin yatsa, mu cika da ƙananan tsakuwa. In an yi ruwan sama, sai ya bi ta nan ya shige ƙasa."

"Ya shige ƙasa," in ji Abarshi a hankali. "Wato ya yi yoyo ke nan."

"Yauwa! Yoyon muke so."

"Ikon Allah. In saiwa ta sake tasowa fa?"

"Sai bulon ya ɗan ɗaga ya bi ta, ba zai fashe ba. In tudun ya yi yawa, a cire guda goma, a gyara yashin, a mayar."

Kun ji fa. Aiki mai yoyo, kuma mai motsi. Abubuwa biyun da ake korar magini a kansu, har a bi shi da zagi zuwa bakin titi, su ne yarinyar nan take nema da bakinta. Ta yi masa dogon bayani a kan saiwa da iska da ruwa, rabi Hausa rabi Turancin jami'a, shi kuma yana ta "to, to," alhali ko ɗaya bai shiga ba. A ransa cewa yake, madacin da ya shekara sittin ai saiwarsa ta daɗe da kaiwa ruwan rijiya, me zai yi da ɗan yayyafin da zai bi ta tsakanin bulo?

Da yamma ya koma gida ya zauna, tuwo na gabansa yana hucewa. Matarsa Salome ta ce, "Baban Ƙauna, lafiya?"

"Ni dai ban gane ba. Ko gwada ni yarinyar nan take yi?"

"Gwada ka a kan me?"

"Ta ga ko zan yarda in yi aikin banza."

Salome ta ce, "Kai dai ka yi abin da aka ce maka. Ita ta yi karatun."

"Karatu! A wane littafi aka ce a yi daɓe ba siminti?"

"A wanda ba ka karanta ba. Ci tuwonka."

Ya yi aikin, ba za a ce bai yi ba. Hannun Abarshi ba ya ƙarya ko ransa bai so ba. Ya ja igiya, ya daidaita yashi, ya jera bulo layi-layi, ya bar wa gindin itacen fili kamar yadda aka ce. Sai dai masu wucewa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Hanyar kasuwar Samaru ce, kowa ta nan yake bi. Wani tsohon abokin aikinsa ya tsaya da kekensa ya ce, "A'a, Abarshi, an manto siminti a gida ne?" Wani ya ce, "Tsufa ke nan, Allah ya sa mu gama lafiya." Abarshi ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta soke shi.

Ran Alhamis yana cikin motar komawa gida Chikaji, daidai Kwangila, sai amsar ta faɗo masa, har ya bugi cinyarsa. Ashe! Yarinyar nan ba ta da halin sayen siminti ne. Ta yi alkawari a gaban dattawa, abin ya fi ƙarfinta, shi ne take rufe kunyarta da Turanci. Wayyo, baiwar Allah. Kuma duk don ta ceci itacen da ba ta ma san na wane ne ba. Nan take tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa in dai yana numfashi ba za a yi wa yarinyar nan dariya ran Lahadi ba. Ai rufin asiri ba sai an roƙa ba.

Ran Asabar da azahar aka gama. Chinwe ta zo ta bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe, ta yi tsalle a kai, ta yi ta murna. Ta ce, "Baba, hannunka ya yi albarka. Kada a ƙara komai, haka nake so." Ta hau babur ta tafi bikin wata ƙawarta a unguwar Jama'a.

Abarshi ya bi ta da kallo yana girgiza kai. Kada a ƙara komai! Yarinya mai zurfin ciki, har yanzu ba za ta faɗa ba.

Yana da buhu biyu na siminti da suka rage masa daga wani aiki. Ya je Chikaji ya ɗauko su a keke mai ƙafa uku. Ya dama siminti ruwa-ruwa kamar kunu, ya riƙa kwararawa a kan bulon yana bi da tsintsiya, yana tura shi cikin kowace rata, yadda kowane magini na ƙwarai yake rufe aikinsa. Ya bi da tsumma ya goge fuskar bulon tas, yadda in ba ka sunkuya ba ba za ka lura ba. Kafin rana ta faɗi babu ramin da allura za ta shiga. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, karo na farko cikin mako biyu ya ji zuciyarsa ta kwanta.

Ran Lahadi ya sa babbar rigarsa fara. Ana tashi daga sujada jama'a suka taru a gindin madaci, Dattijo Felix a gaba da takalminsa mai sheƙi, Mama Martina a gefe da hannunta a ɗaure. Chinwe ta sa aka kawo bokiti biyu cike da ruwa.

Ta ce, "Iyayena, saiwa tana tasowa sama ne don neman ruwa da iska. In muka ba ta, ba ta da dalilin fasa mana hanya. Ku duba ku gani. Kafin in ƙirga biyar ruwan nan ya shige."

Ta tuttular da bokiti guda. Ta ce ɗaya, ta ce biyu. Ruwa ya kwanta shame-shame. Ta ce uku da ƙaramar murya. Ruwan ya yi ɗan tunani, sannan ya gangara salun-alun ya shige cikin takalmin Dattijo Felix.

Mutum ɗaya ne kawai yake murmushi har kunne, shi ne Abarshi. Ko ɗigo bai shiga ba! Ya waiga dama da hagu yana jiran a fara tafi, ya ga kowa ya zuba wa yarinyar ido. Shi abin ya ɗaure masa kai.

Chinwe ta durƙusa da zanen cocinta a cikin ruwan, ta ciro makulli ta kankari tsakanin bulo. Ta ɗago, fuskarta ta canza. "Siminti ne. Wa ya zuba siminti a nan?"

Abarshi ya matso, ya rage murya don kada ya tona mata asiri. "Ni ne, 'yata. Kada ki damu, kyauta ce. Ba wanda zai ji."

"Baba!" in ji Chinwe. "Baba, me na yi maka?"

Dattijo Felix ya zazzage takalminsa ya ce, "To, jama'a, kun gani da idonku. Kankare ne dai aka sake yi mana, aka canza masa suna. Nan da shekara biyu saiwa ta tasar da shi, wata tsohuwar ta karye. Gobe masu inji za su zo."

Abarshi ya ji kamar an kwaɗa masa guduma a ƙeya. "Dattijo, tsaya. Ban gane ba. Aikin bai yi kyau ba ne? Ka taka ka ji, ko motsi ba ya yi!"

"Shi ne matsalar, Baba!" in ji Chinwe, idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi, taku goma sha biyar, zuwa wurin kututturen nan da ya bushe. Wannan karon ba ta sa Turanci ko ɗaya ba.

"Baba, saiwar da itace yake sha da ita ba ta can ƙasa wurin ruwan rijiya. Tana nan sama-sama, zurfinta bai wuce kamu ɗaya ba, ta bazu ko'ina kamar yadda rassa suka bazu. Dubi wannan. Ka san me ya kashe shi? Ƙishi. Duk wanda ya yi kankaren nan gwani ne, shekara da shekaru ko tsaga ɗaya babu. Ya rufe shi ruf har wuya, ba ruwa ba iska. Itacen ya yi ta haƙuri har ya gaji. Wancan kuwa da ka ga yana raye, sa'a ya ci, aikin banza aka yi masa. Ya tsattsage, ruwa ya samu hanya."

Ita dai bayani take yi, ba ta san wa ya yi kankaren ba, ba ta san na wane ne itacen ba. Amma tsofaffin da ke wurin sun sani. Mama Martina ta sunkuyar da kai. Salome ta sa hannu ta rufe baki.

Abarshi ya tsaya yana kallon daɓen. Aikin da ya fi alfahari da shi a duk Samaru. Sau nawa ya kawo masu ba da kwangila nan ya ce su duba hannunsa? In camfi ne, to itace kawai ya kashe, kuma bai kamata ƙirjinsa ya riƙa bugawa haka ba. In kuwa ba camfi ba ne, to shekara uku da Reuben ya yi yana ramewa, itacen yana zubar da ganye... Ya kasa ƙarasa tunanin.

Salome ta matso kusa da shi ta ce a hankali, "Baban Ƙauna, ciwon suga ne ya ɗauki Yaya Reuben. Likita ya faɗa, kana wurin."

Ya ce, "Na sani."

"To."

"Na sani, Maman Ƙauna. Na ce na sani."

Ya juya ya koma gindin madacinsa, ya tsuguna, ya sa farce ya danna simintin da ke tsakanin bulo. Simintin ya ɗan marmashe. A nan dai ba mai koya masa. Ya miƙe ya ce, "Dattijo, simintin jiya ne, bai gama kamawa ba. In ya ƙara kwana biyu sai dai a fasa bulon. Ka ba ni zuwa yamma."

Felix ya ce, "Yau fa Lahadi ne, Abarshi."

"Siminti bai san Lahadi ba."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Salome. Ya samo guntun rodi a bayan coci, ya durƙusa, ya fara ɓanɓaro bulo ɗaya-ɗaya, yana kankare simintin da ya zuba da hannunsa jiya. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana toshe rami, yau ga shi yana buɗewa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da farko kallo aka tsaya yi. Can sai Chinwe ta ɗaure zanenta ta durƙusa gefensa. Sai maza biyu, sai biyar, har aka rasa rodi aka koma ƙusa da tsofaffin cokula. Aka kwashe tsakuwar da siminti ya ɓata, aka ɗebo sabuwa daga ragowar tulin. Dattijo Felix bai taɓa komai ba, amma bai tafi ba. Ya samu wuri ya tsaya yana sa ido, kuma in kuna son sani, a inuwar madacin ya tsaya.

Wajen ƙarfe biyar aka mayar da bulo na ƙarshe. Chinwe ta ɗauki bokiti ta tuttula. Ruwan ya yi ɗan ƙara tsakanin tsakuwa, kafin ta ce uku ya ɓace, sai danshi. Felix bai yarda ba. Ya sa aka sake cikowa, ya zuba da kansa, ya sunkuya yana leƙe kamar wanda kuɗinsa ya faɗa rijiya. Ya miƙe ya gyara hula.

"To. A bar shi mu ga damina."

Mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta yi wa Chinwe barka. Ta zo ta riƙe hannun Abarshi ta ce, "Baba, ka yafe mini, na ɗaga maka murya." Ya ce ba komai, Allah ya yi mata albarka. Har yanzu bai gama gane yadda aikin da ke yoyo ya zama aikin kirki ba, kuma bai yi ƙaryar ya gane ba.

Da jama'a suka fara watsewa, ya ga saura rabin bokiti. Ya ɗauka, ya taka zuwa wurin kututturen, ya zuba a gindinsa a hankali. Ruwan ya kwanta a kan kankaren, ya zagaya kututturen, ya gangara kwata. Abarshi ya durƙusa yana shafa daɓen da tafin hannu, yana neman tsaga ko da guda ɗaya ce, ko siririya kamar gashi. Ya zagaye wurin kaf. Babu.

Salome tana tsaye da rigarsa a hannu, ba ta kira shi ba. Ta ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, goshinsa ya kusa taɓa busasshen itacen.

"Yaya, wallahi ni gata na ɗauka nake yi maka."